Wa zai yi wa mawaƙi maganar kuɗi?

Hayar kayan sauti nake yi a nan Gusau: lasifika, makirfo, janareto, da yaran da ke loda su a mota. Sana'a ce da ke sa mutum ya riga kowa isa wurin biki, kuma shi ne na ƙarshen tashi. Don haka nakan ga abin da 'yan kallo ba sa gani, wato lokacin da taro ya watse, mawaƙi ya koma gefen mota da yaransa ana ƙirga abin da aka samu. A nan ne fuskoki ke canzawa. Na sha ganin yaron da ya gama tayar da ɗaruruwan mutane tsaye, amma yana neman rancen kuɗin man da zai mai da shi gida. Murya akwai, masoya akwai. Abin da babu shi ne mutum ɗaya mai hankali da amana da zai tsaya tsakaninsa da maganar kuɗi, wanda a yau ake kira manaja.

Dalilin da ya sa mawaƙinmu ba ya iya wannan magana da bakinsa tsoho ne. Mun gaji al'adar da ba a yanka wa waƙa farashi. Makaɗin fada yana da ubangida, shi ke ɗauke da ci da sha da suturarsa, ya ba shi doki, ya ba shi gona, idan abu ya yi kyau har kujerar Makka. Haka Sa'idu Faru ya zauna da Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu. Wa zai dubi ubangidansa ya ce masa waƙar nan kaza ce? Ai rashin kunya ne. Sai dai magabata ba su bar abin kara zube ba. Kakana na wajen uwa ɗan amshi ne a ƙasar Maradun, garinsu Alhaji Musa Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991, kuma abin da ya fi yawan ba mu labari a kai shi ne tsarin ƙungiya. Akwai shugaba, akwai mai bi masa, akwai makaɗa da 'yan amshi, sannan akwai sanƙira. Sanƙira ne ke binciko sunan mutum da na iyayensa da kakanninsa kafin a fara, shi ne kuma ke ɗaga murya ya faɗi kyautar da aka bayar, kowa ya ji. Mutane sun ɗauka kirari ne kawai don mai kyauta ya ji daɗi. Kakana ya ce akwai wani amfani bayan wannan: abin da aka shelanta a gaban jama'a, babu wanda ya isa ya ɓoye shi ranar rabo. Lissafinsu ke nan, ba takarda ba alƙalami.

Da fiyano da sitidiyo suka zo, ƙungiya ta watse. Yaro ɗaya da waya a hannu ya zama shi ne shugaba, shi ne sanƙira, shi ne ma'aji. Ubangidan da ke ciyarwa shekara da shekaru ya tafi, amma kunyar da aka gada daga zamaninsa tana nan daram.

Na taɓa tsayawa kusa da wani yaro mawaƙi ana cinikin wasan biki a Ƙauran Namoda. Uwar amarya ta tambaye shi nawa zai karɓa. Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa, ya ce, "Haba Hajiya, ai ke uwa ce, duk abin da kika ba ni albarka ne." Ta sa masa albarka kuwa. Ranar biki ya zo da mai fiyano da 'yan rawa da motar haya, aka kwana ana wasa, da asuba aka miƙo masa ambulan. Abin da ke ciki bai biya mota da ni ba, balle yaransa. Ban ga laifin Hajiya ba, ita abin da ta ga ya dace ta bayar. Shi kuma ba zai iya komawa ya ce bai isa ba, don ya riga ya ce mata uwa.

Shekara ta zagayo, yaron nan ya samu wani malamin firamare, ɗan unguwarsu, ya riƙe masa harka. Na ji malamin da kunnena yana waya da wani Alhaji mai aurar da 'ya. Ya gaishe shi har da rusunawa, duk da cewa ba ganinsa yake ba, sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, kuɗɗin da munka yi magana, rabi za a ba da kafin alƙalami, ciko kuma kafin a kunna na'ura. Mota da masauki na wajenku. In an ɗaga rana, abin da anka ba da ya zauna." Alhaji ya yi faɗa, ya ce shi ba a yi masa haka. Malamin bai ɗaga murya ba, bai kuma rage ko sisi ba. Da yamma kuɗi suka shigo. Ranar biki mawaƙin ya durƙusa ya gaida Alhaji, ya wasa shi da iyayensa, suka rabu ana dariya, domin duk ɗacin ciniki wani ne ya shanye shi. Wanda ya taɓa shiga karar shanu a Talata Mafara ranar kasuwa ya san wannan: mai saniya yana gefe, dillali ne ke ja-in-ja, a ƙarshe ya ɗauki la'adarsa, mai saye da mai sayarwa su yi musafaha.

Wannan shi ne rabin aikin da ido ke gani. Ɗaya rabin na takarda ne, kuma a nan aka fi cutar yaranmu. Waƙa ɗaya tana da masu haƙƙi fiye da ɗaya: wanda ya rubuta baitoci, wanda ya haɗa kiɗa, wanda ya rera, da wanda ya biya kuɗin sitidiyo. Idan ba a zauna an rubuta rabon kowa tun ranar ɗauka ba, to ranar da waƙar ta fashe za a ji rigima. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce sayar da haƙƙi gaba ɗaya ba ya tabbata sai a rubuce. Wannan kariya ce ga mawaƙi, amma kuma ma'anarta ita ce duk takardar da ya sa wa hannu ba tare da ya karanta ba tana iya raba shi da waƙarsa. Mawaƙa nawa ne a Gusau suka san akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa, ko ƙungiyar MCSN da ke karɓar wa mawaƙa kuɗi daga masu amfani da waƙoƙinsu? Ba aikin mawaƙi ne ya haddace waɗannan ba. Amma dole wani a kusa da shi ya sani.

Haka batun intanet. Da can waƙa tana ƙarewa ne a hannun masu tura wa mutane a waya, su karɓi 'yan canjinsu, mai waƙa ya tashi da suna kawai. Yanzu akwai YouTube da Audiomack da Boomplay, Spotify ma ya shigo Najeriya a 2021. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ya ba mai tasha kashi 55 cikin 100, kuma ba ya turo kuɗi sai sun kai dala 100. Kafin nan ma sai an aiko da wata lambar sirri ta gidan waya don tabbatar da adireshi. Na san mawaƙin da kuɗinsa suka yi wata da watanni a maƙale saboda adireshin da aka rubuta "bayan masallacin Juma'a" ne kawai. Ƙaramin abu ne, amma sai an samu mai zama ya bi shi.

Mu a Zamfara muna da ƙarin namu. A farkon Satumba 2021 aka ɗauke sabis na waya a jihar baki ɗaya saboda matsalar 'yan bindiga. Gusau ta samu a farkon Oktoba, wasu ƙananan hukumomi sai ƙarshen Nuwamba. Mawaƙin da komai nasa ke cikin wayar aljihunsa ya ɓace wa duniya. Malamin nan kuwa ya tattara layin da ake kiransu da shi ya koma wajen 'yan uwansa a Kano, yana amsa kira, yana ɗora tsofaffin waƙoƙi, yana karɓar ranakun biki. Sannan ga hanya. Duk mai bin titin Gusau zuwa Tsafe, ko Ƙaura zuwa Shinkafi, ya san akwai lokacin da ba a tafiya. Mawaƙi idan ya ji kuɗi da tafi sai ya ce a je kawai, Allah na nan. Manajan kirki shi ne zai ce Allah na nan, amma a kwana a tashi da rana, ko kuma a haƙura da wasan. Ran mutum goma ne a motar.

Ko liƙi ya canza. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya koya wa mutane tura kuɗi ta waya a wurin biki, ga kuma dokar Babban Banki ta 2007 da ta tanadi ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla Naira 50,000 ga mai watsa kuɗi, wadda EFCC ta tayar da ita a 2024. Yanzu lambar asusu ake rubutawa a allo. Ni kuwa abin da nake fara dubawa shi ne, asusun wa aka rubuta?

Domin akwai mugayen manajoji, kuma ɓarnarsu ta fi ta rashin manaja. Wanda ya buɗe tashar mawaƙi da imel ɗinsa da lambar wayarsa, ranar da suka ɓata da tashar zai tafi, mawaƙi ya koma farawa daga mabiyi ɗaya. Akwai mai karɓar kafin alƙalami wuri biyu a rana ɗaya. Akwai mai kai yaro gidan ɗan siyasa ya sa shi zambo, a sallame shi da alkawari, zaɓe ya wuce a bar shi da abokan gaba. Kuma ba duk mai riƙe wa mawaƙi waya da jaka ne manaja ba. Idan ba ya iya kallon idon maigidansa ya ce masa waƙar nan ba ta nuna ba, a sake ta, to yaron gida ne.

Abin da nake gaya wa duk mawaƙin da ya tambaye ni bai da yawa. Tasha da imel da asusu su kasance da sunanka, shi manaja a ba shi izinin shiga. A biya shi da kaso, yadda ake yi a ko'ina, tsakanin 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da ya shigo, don samunsa ya rataya ga samunka. A yanka wa'adi, shekara ɗaya ko biyu, in an ji daɗin juna a sabunta. A rubuta, a sa shaidu. Masu cewa rubutu rashin yarda ne su tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma muminai aka faɗa wa. Mata mawaƙa sun fi kowa bukatar wannan, don galibi yaya ko miji ke riƙe musu harka, kuma nauyin tambayar ɗan uwa lissafi ya fi na bare.

Abin da ke damuna shi ne inda za a samo mutanen. Kowace shekara Jami'ar Tarayya ta Gusau da kwalejojin fasaha na Ƙauran Namoda da Talata Mafara suna yaye matasa da suka karanta lissafin kuɗi da kasuwanci, da yawansu na zaune ba aiki. Na yi wa wani ƙanen abokina tayin ya riƙe wa wata mawaƙiya lissafi. Yaron ya so, mahaifinsa ya hana, ya ce, "Ɗana da digiri ba ya bin maroƙa." Na je har gida na ce, "Baba, ba kiɗa zai yi ba, littafi zai riƙe, irin wanda zai riƙe wa mai shago a kasuwa." Ya ce zai yi shawara. Kafin ya gama shawarar, ni da malamin nan mun nemi wani lauya ya rubuta mana yarjejeniya shafi ɗaya da Hausa, wadda ta faɗi kaso da wa'adi da mai tasha da yadda za a rabu. Bayan Sallah za mu buga ta, mu ajiye a shagona, duk mawaƙin da ya zo hayar lasifika ya ɗauki kwafi kyauta.