Yadda na yi wa yara littafin Gambo Sawaba mai hotuna

Ni dai malamar firamare ce, ba marubuciya ba. Abin da ya jefa ni cikin harkar nan, wata rana mun wuce ta gaban asibitin Gambo Sawaba a Zariya sai autata ta ce Mama wai wane mutum ne wannan Gambon, ita duk a zatonta namiji ne. Shekararta bakwai. Wallahi abin ya tsaya min a rai, muna dawowa gida na ɗauko biro.

Rubutun farko da na yi kamar takardar jarrabawa ya fito. An haife ta a 1933, ta shiga jam'iyyar NEPU tana da shekara 17, ta yi gwagwarmaya tare da Malam Aminu Kano, ta rasu a 2001. Na kai wa 'yan aji uku na karanta musu, kafin na kai rabi an fara mintsinin juna a baya, wani ma ya ɗaga hannu wai zai je fitsari. Ina cikin jin haushi sai bakina ya suɓuce na ce ai sunanta na yanka Hajaratu, Gambo ɗin don ta biyo bayan tagwaye ne. Kai jama'a, sai ga hannuwa sama, wannan ya ce kawunsa Gambo ne, waccan ta ce su ma akwai 'yan biyu a gidansu amma ƙanin nasu ba a ce masa Gambo, me ya sa. A nan na gane inda ƙofar take. Na yaga wancan na sake farawa daga tagwayen, sai yarinya mai tsiwa a Sabon Gari wadda in ta ga ana cin zalin ƙaramin yaro sai ta shiga faɗan ko ba a gayyace ta ba. Shekarun duk na kwashe su na kai shafin ƙarshe na iyaye da malamai, can na sa cewa babanta mutumin Gana ne mamanta Banufiya, da zuwanta Abekuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti, mai fafutukar 'yancin mata.

Na so na buɗe da ga ta nan ga ta nanku, na fasa, don kar su sa ta layi ɗaya da Gizo da Ƙoƙi. Wannan matar an yi ta, akwai masu ran da suka gan ta da idonsu.

Inda na sha wuya shi ne kurkuku. Sau 16 aka ɗaure ta, ga duka, ga auren da aka yi mata tana shekara 13, to ya za ka gaya wa ɗan shekara bakwai wannan ba tare da ya kasa barci ba kuma ba ka yi masa ƙarya ba? Yaron da yake min zanen da farko har da jini ya sa, kuma ya yi ta fara sol da dogon gashi kamar 'yar fim ɗin Indiya, sai da na nemo tsohon hotonta na ajiye masa a gaba na ce kalli baiwar Allahn nan da kyau. Maganar auren na mayar da ita shafin manya. Kurkukun kuwa na bar shi, amma na ari dabarar kakanninmu ta maimaici: aka kulle ta, ta fito, ta ƙara ɗaure ɗankwali. Ƙofa ɗaya ce a hoton, Gambon ce dai take ƙara girma duk fitowa. A karo na uku yaran da kansu suke amsawa.

Dalilin faɗan nata ma sai da na nemo masa hanya, don kalmar 'yancin ƙuri'a ba ta shiga kansu. A zaɓen 1959 matan Kudu sun yi zaɓe na Arewa ba su yi ba, sai na ce musu ku ɗauka yau za a zaɓi monita amma mata kar wadda ta ɗaga hannu. Wata 'yar ficiciya a layin gaba ta ce tab, wallahi sai ta ɗaga. Shi kenan, an gama bayani.

Wata abokiyar aikina ta duba ta ce ina koya wa 'ya'ya mata tsaurin ido, in rage tsiwar. Na yi ta tunani kwana biyu, amma gaskiya in ka cire wa Gambo tsiwa ban san wa ya rage a littafin ba. Na bar ta yadda take.

Shafi 24 ya zama, layi biyu ko uku a kowane shafi, sauran hoto ke faɗa. Wajen bugawa kuma na tafka kuskure, ban duba samfur ba na biya kuɗi, sai ga kwafi hamsin duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sun koma ɗan akwati. Da baƙin biro na bi su ɗaya bayan ɗaya, dare uku.

Yanzu Nana Asma'u nake so na taɓa, da jajis ɗinta masu malfa da suke zaga ƙauyuka suna koyar da mata. Mai zanen ya riga ya kira ni wai ina hotonta, na ce masa matar da ta rasu a 1864 kake tambaya.