Kowa na son giwa, ungulu kuwa ko oho

Aikin da aka ba ni shi ne in tsaya bakin ƙofar gandun daji da takardar tambayoyi, duk ɗan yawon buɗe ido da ya fito in tambaye shi nawa zai yarda ya ƙara kan kuɗin shiga in za a kashe wajen kare namun daji. Cike takardar ba wuya, mutane na amsawa da fara'a, musamman in sun dace da ganin giwa a ranar.

Abin da har yanzu yake ci min rai shi ne layin da muka jera sunayen dabbobi. Giwa, zaki, kowa na cewa zai biya har da ƙari, amma da na zo kan ungulu sai ka ga an yamutsa fuska, wata mata ma dariya ta yi tace wannan ƙazamar kuma me za a kare mata. Wallahi ranar da ƙyar na daure na ƙarasa tambayoyin.

To ungulun nan fa ita ke kwashe mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta, kuma tun 2015 aka sa nau'i huɗu na ungulun Afirka cikin waɗanda suke dab da ƙarewa. A Botswana a 2019 ungulu 537 suka mutu bayan sun ci mushen giwayen da aka zuba wa guba, saboda masu satar haure sun san in ungulu ta fara shawagi a sama masu gadin daji za su gano wurin, sai su kashe ta tun kafin ta tona musu asiri. Wanda ke kuka kan giwa bai ma san ungulu na taya shi gadinta ba.

Kuma ba rowa ba ce, kuɗin akwai. Ruwanda ta ɗaga tikitin ganin goggon biri (gorilla) daga dala 750 zuwa 1,500 a 2017, awa ɗaya kacal ake yi da su, mutane ba su fasa zuwa ba. Dabbar da za a ɗauki hoto da ita a ɗora a Instagram ce ke samun kuɗi.

In za ka yi irin wannan aiki, kar ka ware dabbobi ɗaya bayan ɗaya, tambayi kan dajin gaba ɗayansa. Ka faɗa musu ina kuɗin zai tafi, don da yawa sun tambaye ni ko zai kai ga masu gadi da ƙauyukan gefen daji, yadda Ruwanda ke ware wa ƙauyukan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin da gandun dajinta ke samu. Kuma ka yi musu bayanin aikin ungulu kafin tambayar, waɗanda na samu damar yi wa haka da yawansu sun sauya amsa, har wani ya nemi in nuna masa inda suke sauka.