Saƙon Godiya Bayan Kammala Gashin Sankarar Fata

Alhamdulillahi, cikin ikon Allah na kammala zama na 25, wanda shi ne na ƙarshe a gashin da aka yi mini da na'urar haske bayan tiyatar da aka cire mini ƙari a damtsen hagu. Ƙarin bai kai santimita 2 ba kuma ba ya ciwo, saurin girmansa ne kawai ya kai ni asibiti, inda gwaji ya nuna sankarar Merkel ce, wadda ba kasafai ake samun irinta ba.

Godiyata ta farko ga likitar da ta zaunar da ni a ranar da na ƙi amincewa da gashin. An riga an cire ƙarin, kaluluwar hammata ta fito lafiya, don haka a ganina magana ta ƙare. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta bayyana mini cewa wannan cuta tana yawan dawowa a inda aka cire ta, saboda ƙwayoyin da ido ba ya gani kan ɓuya a gefen yankan, amma kuma tana cikin waɗanda suka fi jin gashi. Har yau ina jinjina haƙurin da ta yi da gardamata.

Ina gode wa ma'aikatan sashen gashi, waɗanda tsawon mako 5, daga Litinin zuwa Juma'a, suke daidaita hannuna a kan alamomin da suka zana kafin su kunna na'urar na 'yan mintoci. Shi dai gashin ba ya zafi, sai dai daga mako na 3 fatar wurin ta yi duhu ta fara saɓulewa, ga gajiyar da barci ba ya kore ta. Su ne suka koya mini kula da wurin da kare shi daga rana, suka kuma tabbatar mini cewa hasken ba ya zama a jiki, in ɗauki jikokina ba fargaba.

Uwargida da 'ya'yana, da ƙanina da bai taɓa fashin kai ni ba, da duk wanda ya zo dubiya ko ya yi addu'a daga nesa, Allah Ya saka muku da mafificin alheri. Nan da wata 3 zan koma a duba ni, ina roƙon ku ci gaba da sa ni a addu'a.