Bakan gizon dutse a Durham

Da sanyin safiya jirgin ƙasa ya tashi da mu daga tashar King's Cross a Landan. Bayan kusan awa uku muka hau doguwar gadar shiga Durham, ta taga na hango babbar majami'ar garin a kan tudu, kogin Wear ya yi mata ɗamara. Na sauka na kama hawa da ƙafa, iska tana yankar kunne.

A ƙofar arewa akwai zoben tagulla a bakin wata fuskar dodo. A zamanin da, mai laifin da ya gudo ya kama zoben nan yakan samu mafaka ta kwana 37. Na jikin ƙofar yanzu kwafi ne, na asalin an adana shi a ciki.

Ina shiga na tsaya cak. Ginshiƙai ne jibga-jibga, mutum uku ba za su rungume ɗaya ba, an sassaƙa wa wani zane kamar haƙoran zarto, wani kamar saƙar raga. A 1093 Normawa, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi, suka aza harsashin ginin domin kabarin Cuthbert, waliyyin Kiristocin yankin da ya rasu a 687, cikin shekara 40 kuma aka gama rufinsa.

Rufin nan ne ya riƙe ni. Mahaifina magini ne a Zariya, tun ina yaro nake miƙa masa tubali, na ga yadda ake jera azara a ɗaure bakan gizo, wato bakan da ke riƙe rufin soro. Shi na gani a sama, sai dai na dutse ne. Bakuna sun gitta juna, sun kwashi nauyi sun sauke a kan ginshiƙai, abin da ke tsakaninsu cike ne kawai. Durham na cikin manyan gine-ginen farko a Turai da aka rufe ta wannan hanya. Na tuna tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa, sai na ji ƙwalla. Maginan ba su san juna ba, ɗaruruwan shekaru ne tsakaninsu, amma damuwarsu ɗaya: a rufe faffaɗan ɗaki kada ya faɗo wa masu ibada.

Na zauna ina kallo har wuyana ya ƙage, sannan na tura wa Baba hoton ta WhatsApp. Ina gangarowa tasha muryarsa ta shigo: "Kai yaro, sama kaɗai ka ɗauka? Koma ka nuna mini inda ƙafar bakan ta sauka."

Na juya na sake kama hawan.