Kafin a fasa bango: abin da aikin ƙarin gini ya koya mini

Yawancin aikin da ke zuwa hannuna a Kano ba sabon gida ba ne a fili fetal. Gida ne da mutane ke ciki, an yi aure an hayayyafa a cikinsa, yanzu ya yi musu kaɗan. Wani zai ƙara aure, yana neman ciki da falo. Wani samarinsa sun tasa, yana so a fitar musu da ɗaki ta waje. Wani kuma ɗansa ne zai yi aure, fili ya yi tsada, sai a ce a ɗora masa bene a kan ɗakunan mahaifiyarsa. Kusan dukkansu da magana ɗaya suke farawa: "Injiniya, ɗan ƙari ne kawai, ba wani babban aiki ba ne."

A makarantar koyon zanen gine-gine farar takarda aka saba ba mu. Ga fili, ga iyakarsa, ga gabas ga yamma, sai ka tsara. Ƙarin gini ya koya mini abin da babu shi a wannan darasi: wanda ya kira ni ya kuma biya ni ɗaya ne kawai daga cikin masu haƙƙi a gidan. Sauran ba sa zuwa ofis, ba a kuma cika neman shawararsu ba. Idan mai zane bai tsaya musu ba, da wuya wani ya tsaya musu.

Tsohon ginin kansa yana cikinsu, kuma ba a sanin halinsa sai an tona. Gidajen bulo da aka gina shekaru talatin ko arba'in da suka wuce, da wuya ka samu taswirarsu. Maginin wataƙila ya rasu, maigida kuma abin da zai ce maka shi ne, "Ai gini ne mai ƙwari, lokacin da siminti ke araha aka yi shi." Ba na musa masa, amma ba na ɗora bene a kan wannan shaida. Sai mun haƙa rami a jikin tushe ta kusurwa biyu ko uku, mun ga zurfinsa, da faɗin kankaren da ke ƙarƙashi, da irin ƙasar da ya zauna a kai. Sau da yawa abin da muke tararwa tushe ne da aka yi don ya ɗauki bulo mai inci shida da rufin kwano, babu ginshiƙi ko ɗaya, babu rodi sai a kan ƙofa da taga. Dekin mai kaurin santimita 15 nauyinsa yana kai kilo 360 a kowace murabba'in mita, tun kafin a ɗora bangon sama da tayil da tankin ruwa da mutane. A cikin birni akwai ƙarin abin lura: kududdufan da aka haƙa tun zamanin kakanni don ɗiban ƙasar gini, an cike da yawansu da shara da ɓaraguzai an yi gidaje a kai, kuma irin wannan ƙasa takan ci gaba da lotsawa.

Lissafin ƙarfe da kankare ba na mai zane ba ne shi kaɗai. Mu hukumar ARCON ce ke yi mana rajista, injiniyoyi kuma COREN, kuma ba na fara aikin bene sai da injiniya mai hatimi a gefena. Mafitar da muka fi samu ita ce a kafa sababbin ginshiƙai masu tushensu daban, su ɗauki dekin, tsohon bango ya huta. Inda sabon ɗaki ya jingina da tsoho kuma mukan bar 'yar tazara tsakaninsu, domin tsohon ya gama zama, sabon kuwa yanzu zai fara. Idan aka ɗaure su gam, nan ne tsaga ke fitowa bayan damina ɗaya ko biyu. Abin da na fi shan musu a kansa shi ne tashin iyali. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka tsara masa, kuma yana bukatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda. Ba na yarda a zuba dekin mata da yara na kwana a ƙarƙashi. Duk wanda yake Kano a Agustan 2022, lokacin da benen da ake kan ginawa ya rufta a titin Beirut, ya san ba tsoro ne na banza ba.

Amma darasin da ya fi canja mini aiki a tsakar gida na koye shi.

Maigida yakan fita da safe ya dawo da dare. Idan ya dubi tsakar gida, fili yake gani da ke zaune ba a komai da shi, don haka nan yake nuna mini da yatsa ya ce a yi ɗakin. A wurin matan gida kuwa nan ne ɗakin da ya fi kowanne aiki. Nan ake girkin itace ranar da gas ya ƙare, nan ake wanki da shanya, nan ake daka da tankaɗe, nan ake dafa ruwan wankan jego, nan yara ke wasa ido na kansu, nan mata ke cika ranar suna ko biki ko zaman makoki. Da bazara, sa'ad da zafin Afrilu ke haura digiri 40 kuma ba wuta, nan ake shimfiɗa tabarmi a kwana. Ta nan kuma duk ɗakunan da ke kewaye suke samun iska da haske. Ka rufe shi da kwano ko dekin, ka mai da ɗakuna huɗu masu kyau kurkuku don ka samu na biyar, kuma ka ɗaura wa gidan kuɗin fanka da janareto har abada.

Shi ya sa yanzu kafin in ja layi ɗaya nakan roƙi maigida izinin jin ta bakin uwargida. Inda ba a shiga, abokiyar aikina mace takan shiga, ko a yi maganar daga bakin ƙofa a gabansa. Wasu kan yi mamaki, wasu har su ɗan ɓata rai, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wani gida a cikin birni, wata dattijuwa da za a gina wa ɗanta ɗaki a gaban nata ta saurare mu har muka gama, sannan ta ce, "Ɗana, to hayaƙi ta ina zai fita? Kuma ruwan nan da ke gangarowa daga indararo, da nan yake bi ya fita. In kun tare shi, ɗakina zai shiga." Na ce, "Gaskiya ne, Hajiya, nuna mini hanyar da yake bi." Ta nuna mini da sandarta. Na'urar awo ta tabbatar da maganarta daidai: ƙasan gidan ta wannan kusurwa ya karkata. Muka mai da ɗakin can ƙurya inda tsohon sito yake, muka ɗora shi sama, tsakar gida ya tsira.

A irin wannan zama ake jin abubuwan da maigida ba zai faɗa ba, wani lokaci don bai lura ba, wani lokaci don kunya. Idan amarya ake yi wa ginin, adalci yana farawa tun daga taswira: faɗin ɗaki, banɗaki a ciki ko a waje, wa ke da kicin nata. Ba na jin daɗin in ga an yi wa amarya tayil da silin an bar uwargida da tsohon daɓe, kuma nakan faɗa wa maigida haka a cikin ladabi, in sa gyaran ɗakinta a cikin lissafi tun farko. Ƙofofin kishiyoyi kada su kalli juna. Matakalar benen ɗa kada ta ratsa ta tsakar gidan uwa, domin abokansa ta nan za su riƙa wucewa. A fitar da ita ta waje ko ta zaure. Magabatanmu sun riga sun warware wannan da zaure da shigifa, inda ake gocar da ƙofa daga ƙofa don kada idon baƙo ya zarce ciki. Abin takaici ne yadda ake rushe zaure a sa get ɗin ƙarfe saboda mota, a wayi gari da an buɗe shi duk mai wucewa yana ganin mata a bakin murhu. Ana iya samar wa mota wuri a kuma bar sutura, idan aka yi tunani kafin a kira lebura. Sai banɗaki: a nan alƙibla tana gabas, ta ɗan karkata arewa, don haka nakan daidaita mazauni ya kalli kudu ko arewa. Gyara ne da ba ya cin ko sisi a takarda, amma bayan an binne bututu sai an fasa.

Maƙwabci ma mai haƙƙi ne, kuma wannan ba sabon ilimi ba ne. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an kawo ƙa'idar ba cuta ba cutarwa, aka kuma ba da misalai da gini: kada mutum ya buɗe tagar da zai riƙa hango maƙwabcinsa, kada ya buɗe ƙofa daura da ƙofarsa, kada ya yi haƙan da zai cutar da shi ko da a cikin mallakarsa ne. Bene a unguwar da gidaje ke manne da juna yana taɓa duka ukun. Tagogin da ke ɓangaren maƙwabta nakan ɗaga su sama da tsayin mutum, su kawo iska ba tare da leƙe ba. Baranda ta kalli titi. Sokawe ya nisanci rijiya, tamu ko tasu, mita 30 in akwai hali. Akwai kuma wata cuta da ba a cika ɗaukarta cuta ba: kowa ya zo gyara sai ya ɗaga daɓen gidansa da ƙofarsa, ruwan lungu duka ya koma gidan wanda ba shi da halin ɗagawa, galibi tsohuwa ko marayu. Takardar izinin hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA, wajibi ce kuma ina nemanta a kowane aiki, sai dai ba ta ɗauke wa mutum zuwa ya yi sallama da maƙwabcinsa ya nuna masa abin da zai gina.

Tambayar da nake yi tun zaman farko ita ce, "Ranka ya daɗe, gidan na waye?" Idan gidan gado ne da ba a raba ba, nakan ba da shawarar a tara magada a rubuta yarjejeniya kafin a sauke yashi. Wanda ya zuba miliyoyi a kan ɗakin da 'yan'uwansa mata ke da kaso a ciki ya shuka rigimar da 'ya'yansa za su girba a kotu.

Gidajen ƙasa nasu karatun daban ne, kuma a wurin tsofaffin magina na yi shi. Mutane da yawa suna ganin gata ne su yi wa bangon tubali filastar siminti. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, zafi da sanyi ba sa motsa su daidai, sai ya tsattsage. Ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar bushewa, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye, a watan Agusta a ji ya zube alhali daga waje sumul yake. Wani dattijon magini ya nuna mini bangon gabas na wani gida ya ce, "Yaro, nan hadari ke duka, nan za ka fara dubawa." Na ce, "To, Baba, me za a yi masa?" Ya ce yaɓe da makuba, wato shafen da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, a kan kari, a gyara indararo ya riƙa watsa ruwa nesa da gindin bango, shi ke nan. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa da irin wannan kulawa suke tsaye. Bango mai kauri na ƙasa yana riƙe sanyin dare ya kai shi har azahar, abin da bulo da kwano ba sa yi. Don haka idan ɗakin soro yana da lafiya nakan roƙi masu shi su bar shi, mu gina sabon a gefe da tushensa, mu kuma tabbatar ruwan rufinsa ba ya zuba a kan tsohon.

Saura kuɗi. Kusan babu wanda ke da kuɗin aikin gaba ɗaya a hannu, kuma farashi ba ya jira. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, ayyuka da yawa suka tsaya cak. Tunda iyali na cikin gidan, tsayawar aiki ba ƙaramin abu ba ne: rami a buɗe inda yara ke wasa, rodi a tsaitsaye, banɗaki a fashe. Saboda haka nakan yanka aikin gida-gida, yadda duk inda kuɗi ya ƙare gidan zai zaunu. Sabon banɗaki ya fara aiki kafin a taɓa tsoho. Ba a fasa bangon da ya raba sabon ɗaki da tsakar gida sai an rufe shi an sa ƙofa. Tayil da fenti su jira, amma rodi da siminti ba a rage su don a samu na ado. Rufi kuwa ba na yarda a yaye shi da zarar Mayu ya kama, sai in kwanon da katakon da kuɗin kafinta duk suna ajiye a gidan. In ba haka ba, a bari sai bayan kaka.