Jitar mutumin Ƙonni da abin da ta koya mini a shagon gyara

Ranar Asabar mai zuwa zan miƙa makullin durowata, in bar shagon da na shafe shekara shida a cikinsa ina gyaran rediyo da amfilifaya da lasifikar masallaci. Waɗanda muka zauna benci ɗaya da su sun san cewa duk jitar lantarkin da aka kawo cikin shekara huɗun nan ni ake turo wa, har daga wasu shagunan layinmu, amma ƙannena biyu da suka shigo aikin daga baya ba su san yadda abin ya faro ba. Ina so su ji daga bakina kafin in tafi, domin labarin da ake ba su a shago an rage masa wani abu.

Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe Sakkwato, sai ga wani makaɗi daga Birnin Ƙonni wanda ya shigo ta Illela tare da ƙungiyarsa, an gayyato su bikin aure a daren ranar. Jitarsa irin ƙirar Stratocaster ce, mai fikof uku, wato abubuwan da ke ɗaukar sautin tsirkiya, da abin murɗawa uku, ɗaya na bolum, biyu na ton mai rage kaifin sauti. Kukansa shi ne idan ya murɗa bolum sai amfilifaya ta yi ta ƙaraf-ƙaraf, wani lokacin ma sautin ya yanke gaba ɗaya. Na kwance farantin gaba, na ga wayoyin duk suna nan daram, na gaya wa maigida cewa ba mu da irin wannan bolum ɗin a shago. Bai ko ɗago kai daga talabijin ɗin da yake gyara ba ya ce, "Kai yaro, bolum ai bolum na. Ciro na rediyon can ka sa mai, mutum na sauri."

Na ciro, na sa. A bayan wanda na ciro daga rediyon an rubuta B10K, kuma na gani da idona, amma ban juya tsohon na jitar na karanta nasa ba, na jefa shi cikin kwalin tarkace. Wuta ta ɗauke tun hantsi, saboda haka da garwashi na gasa ƙarfen dalma, kuma gwajin da na yi bai wuce haɗa jitar da wata ƙaramar lasifika mai batir ba, na ƙwanƙwasa fikof da sukudireba, na ji ya amsa, na ce aiki ya yi. Ban kaɗa tsirkiya ko ɗaya ba. Wannan kuskurena ne ni kaɗai, ban taɓa ɗora wa kowa shi ba.

Washegari da sassafe mutumin ya dawo, idonsa ja don rashin barci. Ya ce tunda yake kiɗa bai taɓa jin kunya irin ta daren jiya ba: jitar ta koma kamar ana kaɗa ta a cikin randa, an ƙure amfilifaya amma ganguna sun danne ta, ƙarshe sai aron jitar yaronsa ya yi. Maigida ya juyo gare ni a gaban mutumin da maƙwabtan da suka taru, ya ce, "Mi ka yi wa kayan mutane? Wa ya ce ka sa mai na rediyo?" Na buɗe baki, na dubi furfurarsa, na rufe. Ya mayar wa mutumin kuɗinsa, ya yanke mini sallamar mako biyu, kuma har yau bai taɓa kirana ko a keɓe ya ce shi ya ba da umarnin ba. Kuɗin bai dame ni ba kamar tambayar, domin ya san amsarta lokacin da yake yin ta.

Na roƙi makaɗin ya ba ni zuwa azahar. Na zazzage kwalin tarkace har na samo tsohon bolum ɗin, na goge bayansa, sai ga A250K. Na sa masa mita na ga lafiyarsa lau, ƙurar hunturu ce kawai ta shige shi ta kwanta a kan zoben baƙin da ke ciki. Na fesa masa maganin wanke maɓalli, na murɗa shi gaba da baya sau da yawa, na mayar da shi mazauninsa. Da mutumin ya kaɗa tsirkiyar farko a amfilifayarsa, sai ya yi shiru, ya sake kaɗawa, ya ce, "Malam, ita ce." Gyaran da ba ya buƙatar a cire komai ne ya jawo duk wannan.

Daga baya na zauna na fahimci dalilin, domin ban yarda in sake sa wani abu a jita ba tare da na san aikinsa ba. Bolum a jita yana tsaye ne tsakanin sautin da fikof ke bayarwa da wayar at, wadda duk sautin da ya bi ta yake ɓacewa, kuma ko an buɗe shi har ƙarshe yana zubar da wani kaso. Fikof naɗin waya ne siririya kamar gashi, ba shi da ƙarfin tura kaya mai nauyi, musamman a sautuka masu kaifi. Idan lambar bolum ta yi ƙanƙanta, kaifin ne ke fara zubewa, sannan ƙarfin ya biyo baya. Shi ya sa ake sa 250K ga fikof mai naɗi ɗaya irin na Fender, wanda dama yana da kaifi, a sa 500K ga mai naɗi biyu irin na Gibson Les Paul, wanda sautinsa ya fi kauri. Ni kuwa 10K na sa, wato kashi ɗaya cikin 25 na abin da ya kamata. Harafin gaban lambar ma yana da magana: a yawancin waɗanda ke shigowa kasuwarmu, A yana ƙara sauti daidai da yadda kunne ke ji, B kuma yana tafiya bai ɗaya, sai mai kiɗa ya ji kamar canjin ya taru a gefe guda na murɗawar.

Sai da na gane wannan na fara yi wa makaɗa gyaran da ba su san ana yi ba. Mafi yawansu a filin biki suke kiɗa da doguwar waya, kuma duk suna kukan cewa da sun rage bolum sai sautin ya dushe. Maganinsa ƙaramar kafasita ce ta maikrofarad 0.001 tare da resista ta 150K, a haɗa su tsakanin ƙafar da sauti ke shiga da ƙafar tsakiya ta bolum, kaifin ya samu hanyar wucewa. Wanda ya ce ton ɗinsa yana toshe murya da wuri, sai in cire masa kafasita 0.047 in sa 0.022. A tsohon tsarin Stratocaster fikof ɗin da ke kusa da gada, wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi a jikin jita, ba shi da ton ko kaɗan, alhali shi ne ya fi tsini, kuma 'yar gajeriyar waya guda a kan suwic ɗin zaɓen fikof tana ba shi. A ganina wannan ne gyaran da ya fi kowane amfani ga masu kiɗan salon Agadas, kuma shi ne mafi arha.

Sauran ba su buƙatar dogon bayani. Kada a daɗe da ƙarfe mai zafi a bayan bolum, a kankare wurin tukuna dalma ta kama da wuri, in ba haka ba cikinsa zai lalace. Idan jita tana gunji kuma taɓa tsirkiya bai rage shi ba, a duba wayar at da ke zuwa gada. Idan taɓawar ƙara gunjin take yi, an juya wayoyin jak, wato ramin da ake soka wayar amfilifaya. A ɗauki hoton wayoyi da wayar hannu kafin a cire ko ɗaya. Duk abin da aka cire a ƙulle shi a leda a ba mai kaya. Idan babba ya ba da umarnin da ido ya ga akwai shakka a cikinsa, a maimaita masa shi da ladabi a gaban mai kayan, yadda kowa zai ji daga inda maganar ta fito.

Mutumin Ƙonni ya sake dawowa sau uku, kuma kowane zuwa da sunana yake tambaya tun daga bakin ƙofa, maigida yana zaune yana ji. Baƙar jitar da ke rataye a bango ta abokinsa ce, mai naɗi biyu ce, tana jiran A500K guda biyu da na yi saƙo daga Kano, kuma ba za su iso ba sai bayan na tafi. Na rubuta lambar a takarda na liƙa a wuyanta, na zana inda kowace waya za ta zauna. Ƙannena, ku jira saƙon ya iso, ko wa ya ce ku sa wani.