Asabar, musun Kastro da Kawu

Yau ban fita kasuwa ba, bayan azahar na leƙa gaida Kawu saboda ƙafar nan tasa da ta matsa masa, na tarar da shi da sauƙi har ya fito zaure. Kawu tsohon ɗan PRP ne, irin waɗanda har gobe in aka ambaci talaka sai ya gyara zama, to hira ta ja mu har Kuba sai ya ce ai Rasha ce ta ɗora Fidel Kastro kan mulki don ta tsone wa Amurka ido. Na ce Allah ya ja kwana Kawu, ba haka aka yi ba fa, shi kenan musu ya ɓarke har la'asar.

Abin da nake ta nuna masa shi ne mutumin nan da ƙafarsa ya shiga Habana, babban birnin Kuba, ba wanda ya goya shi. A 26 ga Yulin 1953 ya kai hari barikin Monkada, aka karkashe yaransa aka yanke masa shekara 15, kuma jam'iyyar kwaminisancin Kuba ta lokacin kushe harin ta yi ma, don ita ta taɓa zama cikin gwamnatin Batista, mutumin da ke mulkin Kuba a lokacin harin. 1955 aka yi afuwa ya fito ya tafi Meziko, can ya haɗu da ɗan juyin juya halin nan Che Gebara, Disambar 1956 suka dawo su 82 a wani ɗan jirgin ruwa mai suna Granma wanda wallahi bai kamata ya ɗauki ko rabinsu ba, suna sauka sojoji suka tarwatsa su, 'yan tsirarun da suka tsira suka haye duwatsun Siyera Mayestira. Wai waɗannan ne za su kori soja sukutum.

Amma Batista ya riga ya ruɓe, cin hanci da azabtar da mutane, 'yan birni da ɗalibai duk sun juya masa baya, ita kanta Amurka a Maris ɗin 1958 ta daina sayar masa da makamai. Ranar 1 ga Janairun 1959 ya tsere da tsakar dare. Ina Rasha a nan? Kawu ya ce to ci gaba malam, ya san dai in ya ce min malam zolaya ce.

Inda labarin ya fi min daɗi shi ne abin da ya biyo baya. Afrilun 1959 Kastro ya je Washinton yana cewa shi ba ɗan kwaminisanci ba ne, shugaban Amurka Aizinhawa bai gan shi ba ya tafi buga golf, sai mataimakinsa Nikson aka bar shi da shi. Da ya dawo ya fara raba manyan gonaki, ciki har da na kamfanonin Amurka, nan aka fara hararar juna. Fabrairun 1960 Mikoyan, wani ƙusa a gwamnatin Rasha, ya zo daga Mosko aka ƙulla cinikin sukari da bashin dala miliyan 100, Rasha ta aiko ɗanyen mai, matatun Esso da Texaco da Shell suka ce ba za su tace ba, Kastro ya ƙwace su, Amurka ta yanke sayen sukari, Rasha ta ce kawo mu saya. Kamar faɗan kishiyoyi, kowa ya yi sai an rama. Sai Afrilun 1961, ana gobe 'yan gudun hijira wajen 1,400 da hukumar leƙen asirin Amurka CIA ta horar za su sauka a Filaya Hiron da ke gaɓar tekun Kuba, Kastro ya fito fili ya ce juyin nasu na gurguzu ne, cikin kwana 3 aka murƙushe su kuma daga nan ba mai iya taɓa shi a gida.

Ni a ganina rigimar Amurka da Rasha ba ita ta ba Kastro kujerar ba amma ita ta kafe masa ita, don duk wanda ya buɗe baki sai a ce yaron Amurka ne. Na tambayi Kawu zaɓen da ya yi alkawari tun yana kan dutse fa, ina aka kwana? Sai ya ce in tashi in karɓo masa maganin shafawarsa kafin mai kemis ya rufe.